Muhalli ba shara kaɗai ba ne

Yanzu ba ka kunna rediyo a nan Tawa ba ka ji "kare muhalli" ba. Abin da ke ɓata mini rai, galibin masu faɗin kalmar shara suke nufi: a share titi, a tsince leda, ranar 3 ga Agusta a dasa icce a ɗauki hoto. Har na ji wani mai wa'azi na cewa zancen muhalli kayan Turawa ne, na masu furoje.

Kalmar kuwa daga Larabci ta zo: mahalli, wurin sauka. Tushenta "halla", wato kwance ɗauri. Matafiyi ya kai zango, ya kwance wa raƙumi kaya, nan ne mahallinsa. Duk ɗan Adar da ya taɓa ganin ayari ya sauka ya san ba a zaɓen zango sai an duba rijiya da inuwa da abin da dabba za ta ci, kuma ba a ɓata su, don gobe wani ayarin na tafe. Daga wannan tushe ne ma "halal" ta fito, abin da aka kwance wa ɗaurin hani.

Shi ya sa nake ganin wurin koyar da muhalli shi ne zauren malam, da azuzuwan Jami'ar Musulunci ta Say, inda ake shirya limaman gobe. Ba sai an shigo da baƙon darasi ba. A babin tsarki almajiri ke karanta hadisin da ya hana yin bayan gida a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Sai dai a zaure akan tsaya ga najasa, ba a kai ɗalibi bakin tabkin da garinsa ke sha.

Kuma fili na nan kusa. A Keita, tun 1984 mata suka ɗauki duwatsu a ka, suka tare ruwan da ke zaizaye tuddai. Manoman Badagishiri sun farfaɗo da fako ta hanyar haƙa tassa, ƙananan ramukan da ke riƙe ruwan sama da taki. A kai ɗalibin gonar da aka bar gawo a cikinta, ya ga yadda yake kakkaɓe ganye da damina, hatsi ya yi kyau ƙarƙashinsa. Wanda ya ga haka, in ya hau mumbari ya karanta ayar Suratur Rum kan ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku, zai iya kiran sunan korama da dajin da yake nufi.