Hawaye a makoki ba raunin bangaskiya ba ne

A ƙauyenmu na ƙasar Sumaila, da an yi rasuwa sai ka ji dattawan ikilisiya suna cewa, "Mama, share hawayenki, mai bi ba ya kuka." Na ga wata gwauruwa zaune kan tabarma tana danne kuka da bakin zanenta saboda wannan magana, abin ya tsaya mini a rai.

Nassi bai koyar da haka ba. Yesu kansa ya zub da hawaye a makokin Li'azaru (Yohanna 11:35). Da Ayuba ya ji labarin mutuwar 'ya'yansa, ya yage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa ya yi sujada, aka kuma shaida bai yi zunubi ba. Manzo Bulus ma, abin da ya hana masu bi na birnin Tasalonika shi ne baƙin ciki irin na marasa bege.