Wai ɗan majalisa ne ke yin titi? Ga abin da doka ta ce

Da damina ta yi nisa hanyar ƙauye ta yanke, mota ta kasa shiga da taki, mai naƙuda sai dai a ɗora ta a amalanke, maganar da za ka ji a teburin mai shayi ita ce ɗan majalisarmu ya ƙi yi mana titi. Toh a tsarin mulkin Najeriya na 1999 ɗan majalisa ba shi da ikon ba da kwangila ko ta kwalbati ɗaya ce, nasa shi ne yin doka da amincewa da kasafin kuɗi da bin sawun yadda aka kashe su, ku duba sashe na 80 da 81 da 88.

Hanyoyin ma ai an raba su. Manya irin Kano zuwa Kaduna na tarayya ne, hukumar gyaran titunan tarayya, wato FERMA, ke musu faci, akwai na jiha, su kuma hanyoyin burji masu haɗa ƙauye da kasuwa yawancinsu suna wuyan ƙaramar hukuma ne, wato ciyaman ya kamata a fara tsarewa, balle ma a Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Amma fa wannan bai wanke ɗan majalisa ba. Tun zamanin Obasanjo ake ware kuɗin ayyukan mazaɓu, an daɗe ana sa naira biliyan 100 duk shekara, sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 kowa ya zaɓi aikin da za a rubuta wa mazaɓarsa, idan ka raba kuɗin nan za ka ga kason mutum ɗaya ba zai kai kwalta ko'ina ba, shi ya sa da yawansu suke gudu zuwa rabon keken ɗinki da mashin, abin da za a ɗauka a hoto. Wanda ya damu da gaske a kwamiti yake dagewa har a sa titin cikin kasafin ma'aikatar ayyuka, ya kuma bi sawu har a saki kuɗin, don rubuta aiki a kasafi daban, fitar kuɗi daban.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a ɗauki titin ƙauye a ajiye shi ƙarƙashin wata kwaleji ko cibiyar bincike da ke wata jiha can, ba injiniyan hanya ba greda, wa za ka je ka tambaya? Irin haka ne ya sa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin diddigin ayyukan nan a 2019.

Idan ɗan majalisarku ya zo gida ku tambaye shi sunan aikin a kasafi, wace hukuma ke riƙe da shi, wane ɗan kwangila aka ba, nawa aka saki. Idan ya yi ta kwana-kwana ku rubuta wa hukumar takarda, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana 7 su amsa.