Su Wane Ne Mutanen Chile? Tambayoyi da Amsoshi Kan Asalinsu da Addininsu

Mutanen Chile, da ke Kudancin Amurka, Turawa ne ko 'yan asalin ƙasar?

Mafi yawansu ruwa biyu ne. Lokacin da Pedro de Valdivia ya kafa birnin Santiago a 1541, mayaƙan Sifaniya da suka zo tare da shi kusan duk maza ne, don haka suka hayayyafa da matan ƙasar. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna jinin Turai da na 'yan asalin ƙasar sun kusa yin kankankan a jikin ɗan Chile na yau, da ɗan kaso kaɗan na jinin Afirka. Duk da haka, an daɗe ana koya wa mutanen ƙasar su yi alfahari da kakanninsu Turawa su kau da kai daga ɗaya ɓangaren, kuma a ganina wannan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Wace ƙabila ce mafi girma cikin 'yan asalin?

Mapuche. A ƙidayar 2017, kusan kashi 13 cikin ɗari na al'ummar ƙasar sun ce su 'yan asali ne, kuma kusan miliyan 1.7 daga cikinsu Mapuche ne. Sifaniya ta yi shekaru aru-aru tana yaƙarsu ba ta iya murƙushe su ba, har kogin Biobío ya zama iyaka tsakaninsu. Gwamnatin Chile ce, bayan samun 'yancin kai, ta mamaye yankin Araucanía tsakanin 1861 da 1883, ta ƙwace filayensu ta raba wa baƙi. Rikicin filaye da ake ji daga kudancin ƙasar har yau daga nan ya samo tushe, kuma duk wanda ya san tarihin ba zai yi mamakin zafinsa ba. Akwai kuma Aymara a arewa, da Rapa Nui a tsibirinsu can cikin tekun Pasifik.

Daga ina sauran baƙin suka zo?

Jamusawa sun zauna a garuruwan Valdivia da Osorno tun tsakiyar ƙarni na 19. Mutanen Kuroshiya sun fi yawa a Punta Arenas, garin Gabriel Boric wanda ya hau mulki a 2022, shi ma jininsu ne. A 'yan shekarun nan kuma an samu kwararar mutanen Benezuwela da Haiti da Kolombiya. Zuriyar bayin da aka kawo daga Afirka suna yankin Arica, kuma sai a 2019 doka ta amince da su a matsayin al'umma.

Gaskiya ne akwai Falasɗinawa da yawa? Musulmi ne?

Gaskiya ne, babu inda suka fi yawa a wajen ƙasashen Gabas ta Tsakiya kamar Chile. Sai dai yawancinsu Kiristoci ne daga Baitalami da Beit Jala da Beit Sahour, waɗanda suka fara hijira tun zamanin Daular Usmaniyya. Ba su manta gida ba: ƙungiyar ƙwallonsu, Palestino, da aka kafa a 1920, launukan tutar Falasɗinu take sawa. Musulmi kuwa 'yan dubbai ne kacal, da masallatai irin su As-Salam a Santiago da Bilal a Iquique.

To wane addini ne ya fi rinjaye?

Ɗariƙar Katolika, amma tana ja da baya. A ƙidayar 2002 kashi 70 cikin ɗari ne mabiyanta. A ta 2024 sun dawo kusan 54, yayin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce ba su da addini. Badaƙalar cin zarafin yara da wasu limaman cocin suka yi ta zubar masa da mutunci, har dukkan bishop-bishop na ƙasar suka miƙa wa Fafaroma Francis takardar murabus a 2018. Cocin Fentikos, da ya ɓulla a Valparaíso a 1909, ya fi karɓuwa a unguwannin talakawa.

Yaya maƙwabtansu suke?

A Bolibiya da Peru jinin Quechua da Aymara ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Bolibiya har ta zaɓi Evo Morales, ɗan Aymara, shugaban ƙasa. Ajantina kuwa ta cika da zuriyar Italiyawa da Sifaniyawa. Iyakokin ma ba su raba jini ba: Aymara na arewacin Chile 'yan uwan na Peru da Bolibiya ne, yaƙin da ya ɓarke a 1879 tsakanin Chile da ƙasashen biyu ne ya mai da ƙasarsu ta Chile.