Waiwaye: Yadda Ƙurar Zinare Ta Shiga Na'urorin Gwaji

A kemis-kemis na Bauchi da Gombe, gwajin suga ya zama ruwan dare: a soki yatsa, a ɗiga jini a bakin ɗan tsinke, nan take lamba ta fito. A bakin tsinken akwai sinadarin enzayim da ke cin sugan, sai ya saki 'yar wutar lantarki da na'urar ke aunawa. Leland Clark da Champ Lyons ne suka kawo wannan dabara a Amurka a 1962, amma sai a 1987 aka samu na'ura mai aiki da wannan dabarar da mutum zai sa a aljihu.

Shi kuwa zinare, labarinsa ya girmi wannan. Tun 1857 Michael Faraday ya nuna a Landan cewa idan zinare ya koma ƙwayoyin da ido ba ya gani, ruwan da yake ciki yakan zama ja. Jan layin nan da ke bayyana a gwajin maleriya na gaggawa, galibi irin wannan zinaren ne. An daɗe ana ɗaukar zinare a matsayin ƙarfen da ba ruwansa da sauran sinadarai, sai a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa ƙwayoyinsa masu faɗin 'yan nanomita suna ingiza haɗuwar sinadarai ko a cikin sanyi. Nanomita ɗaya, kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Daga nan masu bincike suka duƙufa wajen shafa ƙwayoyin zinare da filatinam a kan na'urorin gwaji, domin ko ɗan kaɗan ne abin da ake nema, na'ura ta ji shi.

Abin da ya fi shafarmu ya zo a 2007, lokacin da masana a Sin suka gano cewa ƙwayoyin wani nau'in tama suna yin aiki irin na enzayim, wato ana fatan su maye gurbinsa a na'urorin gwaji. Enzayim dai furotin ne, zafi na lalata shi, shi ya sa yawancin kwalayen tsinken ke cewa kada ma'ajiyarsa ta wuce digiri 30. To a Afrilu, a shagon kwano a Azare ko Bajoga, babu wuta balle fanka, wa ke iya cika wannan sharaɗi? Mai ciwon suga kuma da wannan lambar yake shan magani.

Har yanzu yawancin na'urorin da ba su dogara da enzayim ba suna ɗakunan bincike. Ina ganin ya kamata sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'in Bauchi da Gombe su sa hannu, su gwada su a cikin zafinmu da ƙurar hunturunmu.