Tun Yaushe Damuwa Ta Shiga Jerin Cututtuka?

A Gombe, daga majalisun Jekadafari zuwa shafukan Facebook, ana ta ja-in-ja: ciwon damuwa rashin lafiya ne, ko raunin imani, ko shafar aljanu? Wasu ma cewa suke yi sabon yayi ne da 'yan boko suka kwaso. Maganar kuwa ta girmi masu yin ta.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitan Jamus Emil Kraepelin ya raba manyan nau'o'in taɓin hankali gida biyu. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa cututtukan ƙwaƙwalwa sashe a kundinta na jerin cututtuka, likitocin Amurka suka fito da nasu, DSM, a 1952. A Najeriya kuwa abin ya zo ne da makulli. An buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Yaba a 1907, aka yi doka a 1916, aka sabunta ta a 1958. Mutum ɗaya wannan doka ta sani: mahaukacin da za a killace. Matar da ta daina barci bayan haihuwa, ba ta duka, ba ta zagi, ba ta da gurbi a ciki. Ra'ayi ma ya yaɗu a lokacin cewa ɗan Afirka bai cika kamuwa da ciwon damuwa ba.

Abin da ya faru a Aro, kusa da Abeokuta, shi ne ba a cika tunawa ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su je a duba su, da dare su kwana cikin jama'a. Ya kuma zauna da masu maganin gargajiya ya saurare su, bai kore su ba. Daga baya shi da masana daga Jami'ar Cornell ta Amurka suka bi ƙauyukan Yarbawa suna tambayar mutanen da ba su taɓa zuwa asibiti ba. Sakamakon da ya fito a 1963 ya nuna damuwa da fargaba suna nan cikin manoma da 'yan kasuwa, sai dai sau da yawa da jiki ake faɗinsu. Haka muke yi har gobe: kaina na zafi, gabana na faɗuwa, wani abu na yawo a jikina. Mai wannan koke sai a ba shi maganin zazzaɓi ko na gyambon ciki ya koma gida.

A ganina, darasin Aro bai iso yawancin gidajenmu ba, shi ya sa har yau abu biyu muka sani, lafiya ko hauka.

Kundin Hukumar Lafiya na yanzu, wanda ya fara aiki a 2022, ya bambanta cututtukan ƙwaƙwalwa daki-daki. Baƙin ciki da rashin sha'awar komai kusan kullum na aƙalla mako biyu, shi ne ciwon damuwa. Fargabar da ta yi watanni daban take. Firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali, irin na 'yan'uwanmu da suka yi hijira daga Borno da Yobe, shi ma da sunansa da maganinsa. Ba ɗaya daga cikinsu da ya hana addu'a. Dokar 1958 kuwa sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan wadda ta maye gurbinta.