Shin da gaske na'ura ba ta kuskure?

An daɗe ana cewa kwamfuta ba ta kuskure, duk abin da ta faɗa ya zauna. Da ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ke amsa tambayoyi kamar mutum, ta shigo wayoyinmu, sai wasu 'yan kasuwa a Bauchi suka ɗauka za a iya bar mata kwastomomi gaba ɗaya. Ba abin mamaki ba ne, kalkuleta ce ta saba mana da haka.

Wannan kuwa aikinta daban. An horar da ita da tarin rubuce-rubuce, tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa takan ƙago amsa hankali kwance ko da ba ta sani ba. Ɗauki mai atamfa a kasuwar Wunti: in bai haɗa ta da lissafin kayansa ba, kwastoma na iya tambayar shuɗiyar nan, ta ce akwai, har da farashi. Ba ta san Hajiyar da ta shekara goma tana ciniki a shagon ba, balle wanda ake yi wa ragi ko ake ɗaga wa ƙafa kan bashi. Hausarta ma ba ta kai Turancinta ba, don rubutun Hausa a intanet kaɗan ne.

Tana taimakawa dai wajen tsara saƙo da amsa tambayoyin da kai ka ba ta amsarsu.

Gwajin ba wuya. Tambaye ta abin da ka riga ka sani, kamar kuɗin mudun shinkafa yau, sannan ka sake tambayar da wasu kalmomi ka ga ko amsar ta sauya.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu shaguna.