Qudus Onikeku: tambayoyi kan yaron Surulere da ya mai da rawa sana'a

Ɗan yayata da ke zaune tare da mu a Agege ya nuna wa mahaifiyarsa bidiyon wasu matasa suna rawa a kan dandamali, ba biki ake ba, ba mai liƙi, ya ce irin wannan yake so ya koya. Hankalinta ya tashi, ta same ni da tambayoyi. Na lura su ne tambayoyin yawancin iyayenmu a nan Legas, shi ya sa na tattara su tare da amsar da na ba ta.

Wane ne ya tsara rawar da ke cikin bidiyon?

Qudus Onikeku ne. An haife shi a Legas a 1984, ya tashi a Surulere, kuma da alkafura ya fara tun yana ƙarami, irin wadda kike ganin yara suna yi a kan yashi a bakin layi. Daga nan ya shiga rawa gadan-gadan har ta kai shi Faransa, inda ya yi karatu a babbar makarantar ƙasar ta wasannin alkafura da sarrafa jiki, ya gama a 2009. A 2010 rawar da ya tsara ya kuma yi shi kaɗai, a kan zaman baƙunta da kewar gida, ta ci kyauta a gasar rawar Afirka da aka yi a Bamako. A 2017, lokacin da Najeriya ta fara buɗe rumfarta a babban baje kolin fasaha na Venice a Italiya, yana cikin mutum uku da suka wakilce ta, tare da Peju Alatise da Victor Ehikhamenor.

Mene ne bambancin mai rawa da mai tsara rawa? Ba duk taka rawa ba ne?

A'a, Yaya. Kamar tela ne da mai yanka. Mai rawa jikinsa ne ke aiki. Mai tsarawa shi ke yanke wa zai shigo ta wane gefe, yaushe mutum goma za su faɗi lokaci ɗaya, yaushe kiɗa zai ɗauke a bar numfashi da ƙarar tafin ƙafa kawai. Yana aiki da makaɗa, da mai fitila, da mai ɗinka kaya. Wasan awa ɗaya kan ci watanni ana atisaye, motsi ɗaya a maimaita shi har riga ta jiƙe sharkaf.

Wane labari za a iya bayarwa ba a buɗe baki ba?

A nan ne na fi son aikinsa. Ya ɗauki mahaifinsa da ya tsufa suka yi tafiya zuwa Abekuta, garinsu na asali, yana neman sanin tushensa. Daga wannan tafiya ya tsara wasan rawa mai suna Qaddish, aka nuna shi a bikin Avignon na Faransa a 2013. Ki duba abin: ɗa yana binciken rayuwar ubansa tun uban yana raye, ya zuba abin da ya gano a cikin tafiya da durƙuso da juyi. Mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato, 'ya'yanmu suka tashi suna jin Yarbanci kamar Hausa, wannan labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaran nan nawa ne suka taɓa zama da kakansu suka tambaye shi yadda aka yi ya sauko Kurmi?

Tun da ya samu karɓuwa a Turai, me ya sa ya dawo?

Ya dawo Legas a 2014 ya buɗe QDance Center, inda ake horar da matasa. A ganina ya gane cewa kayan aikin a nan suke. Wasansa Re:Incarnation, wanda ya fito a 2021 ya zaga manyan dandamalin Turai, da matasan Najeriya ya yi shi, da takun da suka koya a titi, haɗe da tunanin Yarbawa kan haihuwa da mutuwa da dawowa. Kada ki manta, rawar shaku-shaku da duniya ta ɗauka, Agegen nan da muke zaune ake danganta ta da ita.

Ana cin abinci da wannan kuwa?

Ana ci, amma ba zan ruɗe ki ba, hanya ce mai wuya. Gwiwa da baya suna gajiya da wuri, rauni ɗaya kan zaunar da mutum watanni, kuma kuɗin irin wannan rawa yawanci daga gayyatar bukukuwan waje da tallafi yake zuwa. Wasu ta bidiyon mawaƙa da talla da koyarwa suke bi, kamar 'yar rawar Najeriya Kaffy, wadda ta jagoranci rawar awa 55 da minti 40 a 2006 ta shiga kundin Guinness. Shi ya sa na ce wa yaron boko ba ajiyewa.

Mu Hausawa ina ruwanmu? Ba abin kunya ba ne ɗan mutunci ya zama ɗan rawa?

Na san inda tsoronki yake, kuma ban raina shi ba. Akwai rawar da ni ma ba zan so in ga ɗanmu a ciki ba, ta tsiraici da cakuɗa marar kan gado. Amma mu ba baƙin rawa ba ne. Muna da koroso da kacau-kacau a ƙafa, da wasan 'yan tauri, da takai, da takun da ɗan dambe ke yi idan kalangu ya kira shi. Abin da ke ci mini rai shi ne mun bar su sai ranar salla ko tarbar babban baƙo, alhali wani ya ɗauki na gidansu ya zauna ya yi masa aiki har duniya ta sayi tikiti. Ba sai an tuɓe ba, ba sai an kwaikwayi kowa ba. Mai tsara rawa Bahaushe da ya san koroso ciki da bai yana da abin da babu shi a Paris.

To, yaron ya fara daga ina?

Daga jikinsa da kunnensa. Ya riƙa motsa jiki kullum, ya nemi ajin horo na gaske inda kin san malamin kin san lokacin tashi, ya daina dogara da wayar da yake jinginawa a jikin gwangwanin madara yana kwaikwayon TikTok a tsakar gida. Na kuma yi masa alƙawarin idan mun je gida hutun salla zan kai shi ya ga 'yan koroso ido da ido. Ya ce, "Kawu, za su bar ni in ɗaura kacau-kacau ɗin?" Mahaifiyarsa dai ba ta ce ta yarda ba tukuna, amma ta karɓi wayar ta sake kallon bidiyon daga farko.